Gaɓar Tekun Da Ya Ƙafe: Daga Duwatsun Abuja Zuwa Tsaunukan Wurno Da Goronyo

Ma'aikacin da ke fitowa daga Suleja ko Kubwa kowace safiya ya saba da duwatsu. Ya bar Dutsen Zuma a bayansa, ya tunkari Dutsen Aso, kuma da wuya ya taɓa tambayar kansa abin da ke cikinsu. Amsar gajeriya ce: babu komai na mai rai. Duwatsun Abuja narkakken dutse ne da ya sandare a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, daga bisani ruwa da iska suka kwashe abin da ya lulluɓe shi, ya bayyana a sarari. Zafin da ya haife su bai bar ƙashi ko ƙwanso ba.

To amma akwai wasu duwatsun a ƙasar nan da ke ɗauke da haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da ƙwanson halittun ruwan gishiri, kuma ba a Legas ko Kalaba suke ba. Suna Jihar Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, inda kuma teku mafi kusa ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci. Wanda ya bi hanya daga Kalambaina zuwa Dange, ya karkata ta Wurno da Goronyo har zuwa Gada, ya bi gaɓar teku ke nan. Ruwan ne kawai ya janye, ya bar shaidarsa a jikin tsaunuka.

Me ya kawo teku Sakkwato?

Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka shuɗe, duniya ta fi yanzu ɗumi, kuma ruwan teku ya fi yanzu tudu nesa ba kusa ba. A lokutan da ya cika ya batse, yakan malalo daga arewa, daga tsohon tekun da Bahar Rum ta gada, ya ratso ta inda Aljeriya da Mali da Nijar suke a yau, ya shigo arewa maso yammacin Najeriya. Masana na kiransa mashigin tekun da ya keta Sahara. Ba mai zurfi ba ne. Binciken da wata tawaga ƙarƙashin Maureen O'Leary ta wallafa a 2019, bayan shekaru tana aiki a arewacin Mali, ya ƙiyasta zurfinsa da kusan mita 50. Ruwa ne mai ɗumi, mai yalwar kifi, wanda ke zuwa ya koma, ya sake dawowa.

Duk zuwan da ya yi sai ya bar shimfiɗa. Idan koguna sun kwararo da yashi, yashi ya kwanta. Idan ruwa ya natsu, laka ta kwanta. Idan ya yi garau, ƙwanson ƙananan halittu ya taru har ya zama dutsen farar ƙasa. Shimfiɗa kan shimfiɗa, ta ƙasa ta girmi ta sama, kamar fayil ɗin da ake jera takardu a cikinsa bisa kwanan wata. Kwarin da waɗannan shimfiɗu suka cika shi ne ake kira Kwarin Iullemmeden, sunan da aka aro daga wata ƙungiyar Abzinawa, kuma ɓangarensa na Najeriya shi ne Kwarin Sakkwato.

Mai karatu na iya tambaya yadda aka san waɗannan shekaru. Hanya biyu ce ke taimakon juna. Akwai sinadaran da ke cikin wasu duwatsu waɗanda ke rikiɗewa sannu a hankali bisa ƙa'idar da aka auna, don haka ana iya lissafa tsawon lokacin da suka ɗauka. Sannan akwai halittun da suka rayu na wani taƙaitaccen zamani a tekuna da yawa. Idan aka same su a Sakkwato, aka same su a wata ƙasa inda aka riga aka auna shekarun dutsen, sai a san sa'o'in juna ne.

Tunanin cewa busasshiyar ƙasa ta taɓa zama teku ba baƙo ba ne ga malaman gabas. Kusan shekara dubu da ta wuce, Al-Biruni ya lura da ƙwanson halittun ruwa da ake tonowa a rijiyoyin hamadar Larabawa, ya yanke cewa ruwa ya taɓa rufe wurin. Ibn Sina ma ya tattauna yadda laka ke zama dutse da yadda halittu ke sandarewa a cikinta. Abin da zamani ya ƙara shi ne awo da lissafi.

Alamar farko a hanyar Lokoja

Kafin a kai Sakkwato, mazaunin Abuja na da ɗan abin da zai ɗanɗana a kusa. Wanda ya ɗauki hanyar Lokoja, da zarar ya wuce Kwali ya doshi Abaji, zai ga manyan duwatsu masu sulɓi sun fara ja da baya, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai sun karɓe su. Ya shiga Kwarin Bida ke nan. A wajen Ahoko, inda aka datse tudu don fitar da hanya, ana ganin shimfiɗun baƙar laka da yashi da jan dutse mai ƙarfe a jere, kuma ɗaliban ilimin duwatsu daga jami'o'i daban-daban kan tsaya a nan don nazari. Waɗannan shimfiɗu sun kwanta ne a ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, a bakin ruwa mai fadama. Wasu masana na ganin ta wannan kwari ne tekun arewa ya taɓa haɗuwa da na kudu, abin da zai bayyana kamannin da ke tsakanin ƙananan halittun da ke cikin farar ƙasar Sakkwato da ta Ewekoro a Jihar Ogun.

Daga nan sai tafiya ta ainihi. Ta mota, hanyar Kaduna da Zariya da Funtuwa da Gusau ta haura kilomita 600, kuma sanin kowa ne halin tsaron da wasu sassanta ke ciki. Wasu masu zuwa daga Abuja jirgi suke bi, su sauka a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III.

Kalambaina: ƙasan teku a bakin murhu

Zangon farko yana gefen birnin Sakkwato, a Ƙaramar Hukumar Wamakko. Sunan Kalambaina a kunnen yawancin mutane siminti yake nufi. An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Najeriya a 1962, ya fara aiki a 1967, yau kuma masana'antar na ƙarƙashin BUA. A littattafan ilimin duwatsu kuwa, Kalambaina sunan wata shimfiɗar farar ƙasa ce mai kimanin shekara miliyan 55 zuwa 60, wadda ta miƙe har cikin Nijar, inda masana'antar siminti ta Malbaza ke cin irinta.

Wanda ya ɗauki guntun wannan dutse ya duba da kyau zai ga ba dutse ba ne kamar na Abuja. Fari ne mai ɗan rawaya, mai laushi, kuma cike yake da siffofi. Akwai dodon koɗi iri-iri, akwai masu ƙwanso biyu kamar na kawa, akwai wata halitta mai kama da ƙaramar alkaki da zanen tauraro mai kusurwa biyar a bayanta, wato bushiyar teku, wadda ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri. Akwai kuma masu naɗaɗɗen ƙwanso mai ɗakuna-ɗakuna, waɗanda danginsu ke raye har yau a tekun Fasifik da na Indiya. Mafi yawa kuwa ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, kuma su ne ainihin jikin dutsen.

Wannan dutse ne ake fasawa, a niƙa, a gauraya da laka, a ƙona a murhu mai zafin da ya kai kusan digiri 1,450. Buhun simintin da aka gina masallaci ko aji da shi a Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Gusau, ragowar halittun teku ne. Babu laifi a cikin haka. Ƙasa na buƙatar siminti, jama'a na buƙatar aiki. Hasali ma ramin haƙar dutse alheri ne ga mai bincike, domin yana buɗe bangon da ba don shi ba da sai an shekara dubbai kafin ruwan sama ya tone shi. Haka abin yake a Ashaka ta Jihar Gombe, inda ramin farar ƙasa ya shahara a tsakanin masana da naɗaɗɗun ƙwansuna masu shekara fiye da miliyan 90. Abin tambaya shi ne ko akwai wanda ke tsaye a bakin ramin yana duba abin da ya fito kafin ya shiga injin niƙa.

Dange: laka mai haƙora

Shimfiɗun Kwarin Sakkwato sun ɗan kishingiɗa zuwa yamma, saboda haka duk wanda ya yi gabas daga birni yana gangarawa ne zuwa zamanin da ya fi tsufa. A kan hanyar Gusau, a Ƙaramar Hukumar Dange-Shuni, ƙasa ta yi wani gangare da ake gani daga nesa. A ƙarƙashin farar ƙasa sai ga laka mai launin toka da rawaya, wadda ke ɓarewa falle-falle. Ita ce shimfiɗar Dange.

Abu biyu ne suka sa mutanen yankin suka san wannan laka. Na farko jifsam, wani dutse mai ƙyalli kamar gilashi da ke fitowa a tsakanin lakar, wanda ake tarawa a sayar domin ana buƙatarsa wajen haɗa siminti. Na biyu ƙwallayen fosfet, sinadarin da ake yin takin zamani da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne asalin wannan fosfet: ƙashi ne da haƙori da kashin dabbobin ruwa da suka taru a ƙasan teku. Wasu ƙwallayen idan aka duba siffarsu, kashin kifi ko na kada ne da ya zama dutse, a cikinsa har akan ga guntayen ƙashin abin da aka ci. A wannan laka ake samun haƙoran kifin shak, da faffaɗan haƙoran da wasu kifaye ke murƙushe ƙwanso da su, da gaɓoɓin bayan kada.

Wurno, Goronyo da Gada: shafi biyu na tarihi

Wurno ba ta buƙatar gabatarwa ga wanda ya san tarihin Daular Usmaniyya. Ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Garin na kan tudu yana kallon fadamar Rima, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Wannan tudu da ya ba garin kariya a zamanin yaƙi, shi ne kuma ya ba da sunansa ga wata shimfiɗar lallausan yashi da laka, wadda lakar Dange ke zaune a kanta.

Muhimmancin wurin ya wuce abin da ido ke gani. Shimfiɗu uku da ke ƙasa, waɗanda aka raɗa wa sunayen Taloka da Dukamaje da Wurno, sun kwanta ne a ƙarshen zamanin dainoso. Na samansu, wato Dange da Kalambaina, sun kwanta bayansa. A tsakani ne, shekara miliyan 66 da suka wuce, wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, aka yi asarar kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittun duniya. Wanda ya hau tudu a wannan yanki yana tashi ne daga duniyar da ta gabaci wannan halaka zuwa wadda ta biyo bayanta. A ƙasa akwai manyan ƙadangarun teku. A sama babu su, sai kadoji da kififfiya da kifayen da suka tsira. Wuraren da ake iya karanta shafukan biyu a jere a nahiyar Afirka ba su da yawa.

Gaba da Wurno, a yankin Goronyo da ke da madatsar ruwa a kan Kogin Rima, da ƙauyukan Dukamaje da Gilbadi na Ƙaramar Hukumar Gada, akwai tuddai masu hular marmara, waɗanda ruwan damina ke zaizaye gefensu kowace shekara. A gefen nan ne wani siririn layi mai cike da ƙasusuwa ke bayyana. Daga nan aka samo dabbar da ta kai sunan Goronyo cikin littattafan kimiyya na duniya.

Labarin ya faro ne a zamanin mulkin mallaka. Hukumar binciken duwatsu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1919, ta riƙa aika ƙasusuwan da jami'anta suka tsinto zuwa Landan. A 1930 William Swinton ya wallafa bayani kan dabbobi masu jan ciki na Lardin Sakkwato, a 1934 kuma Errol White ya yi na kifaye. Bayan shekaru kusan arba'in, wata tawagar Italiyawa ta yi aiki a gundumar Goronyo, ta samo ƙoƙon kai, kuma a 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka tabbatar cewa dabbar jinsi ce ta daban, suka sa mata suna Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo na Najeriya. Dangin damo da guza ce ta nesa, sai dai a ruwa take rayuwa, ƙafafunta sun zama filafilai, tsawonta ya kai mita biyar ko fiye. Haƙoranta na sarƙewa da juna kamar na kada, idanunta ƙanana ne, abin da ya sa wasu masana ke ganin a ruwa mai dauɗa take farauta, a bakin koguna.

A shekarun 1970 Beverly Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya ƙara wasu sunayen. Akwai Sokotosuchus, wani kada na ruwan gishiri mai dogon baki, akwai kuma Sokotochelys, wata kififfiya. Sunan Sakkwato ke nan sau biyu, na Goronyo sau ɗaya, a cikin jerin halittun da duk mai nazarin wannan fanni a duniya ke ambata. Da wuya a samu ɗalibin sakandare a Goronyo da aka taɓa faɗa masa haka a aji.

Ƙetaren iyaka

Teku bai san iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba. Shimfiɗun nan sun zarce ta Illela da Birnin Ƙonni zuwa Jihar Tawa, inda Dutsen Igdaman ya ba da sunansa ga wani ƙadangaren teku, Igdamanosaurus, mai dunƙulallun haƙora na fasa ƙwanso. Can arewa kuma, a yankin Agadas, duwatsun sun fi tsufa, kuma na koguna ne da dazuzzukan da suka gabaci zuwan tekun. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960. Daga can aka samo Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya haura mita tara, da Ouranosaurus nigeriensis, wanda aka sanya wa suna a 1976. Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya, ya bayyana Suchomimus a 1998, sai Nigersaurus mai haƙora kusan 500 da Jobaria ta yankin Ingal a 1999.

Abin lura ga ɗan Najeriya shi ne, a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai rumfar da aka kafa ƙwarangwal ɗin waɗannan dabbobi, yara 'yan makaranta na zuwa suna ɗaga kai suna kallo. Nijar ba ta fi Najeriya kuɗi ba. Ta dai yanke shawarar cewa abin nata ne, kuma ya kamata 'ya'yanta su gani.

Ina ƙasusuwanmu suke?

Ƙasusuwan da Swinton ya yi nazari a kansu suna gidan tarihin halittu na Landan. Ƙoƙon kan Goronyosaurus yana birnin Fulorens na Italiya. Ba na Sakkwato kaɗai ba ne: muƙamuƙin wata tsohuwar dabbar teku mai shayarwa da aka samo a kudu maso gabashin Najeriya shi ma yana Landan, kuma sunan da aka ba ta, Pappocetus lugardi, na Gwamna Lugga ne. Adalci shi ne a ce waɗannan gidaje sun adana abin da aka kai musu, sun ba shi lamba, sun buɗe shi ga masu bincike. Amma malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke son auna haƙoran dabbar da aka tono a jiharsa sai ya nemi biza da kuɗin jirgi.

Ƙasar nan ba ta rasa masana ba. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana bin tuddan Sakkwato, kuma rubuce-rubucensa ne madogarar duk wanda ya zo bayansa. Sai dai akasarin waɗanda suka karanta ilimin duwatsu man fetur da ma'adinai suka nufa, domin a nan albashi yake. Nazarin ƙasusuwan dā ya zama maraya.

Yadda wasu suka yi da nasu

A kudancin Ingila akwai gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 150, tsakanin Devon da Dorset, wadda duwatsunta ke ɗauke da tarihin shekara miliyan 185. A 2001 Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren gadon duniya. Mutane na zuwa daga nesa su yi tattaki a bakin ruwa, su tsinci abin da igiyar ruwa ta zubo, bisa ƙa'idar cewa duk wani muhimmin abu sai an yi masa rajista. Wadda ta fara fito da darajar wurin, Mary Anning, 'yar kafinta ce da ba ta yi karatu mai zurfi ba. Tana da kimanin shekara 12 ita da ɗan'uwanta suka tono wata dabbar teku da ta girgiza masanan zamanin. Tsintuwa da sayarwa ce sana'arta, kamar dai masu tara jifsam a Dange.

Misalin da ya fi kusa da mu na Masar ne. Wadi al-Hitan, a hamadar Fayyum, shi ma ƙasan teku ne da ya ƙafe, cike da ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin ruwa. Ya shiga jerin UNESCO a 2005, aka shata hanyoyin ƙafa, aka gina gidan tarihi a wurin. Bugu da ƙari, Jami'ar Mansura ta kafa cibiyar nazarin irin waɗannan ƙasusuwa ƙarƙashin Hesham Sallam, kuma a 2018 Misirawa da kansu suka jagoranci bayyana wani dainoso da suka kira Mansourasaurus. Maroko kuwa ta nuna ɗaya fuskar: a can ƙasusuwan sun zama hajar kasuwa, dubban iyalai na ci daga haƙarsu, amma da yawa daga cikin mafiya daraja sun ƙare a ɗakunan attajiran ƙasashen waje. Brazil sai da ta yi shekaru tana fafutuka kafin Jamus ta mayar mata da wani ƙaramin dainoso a 2023, kuma ta yi nasara ne saboda tana da dokar da ta ce irin wannan abu mallakar ƙasa ne.

Abin da ke hannun Abuja

A nan ne maganar ta dawo teburin ma'aikacin tarayya. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dukkan ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007 ce ke tsara lasisi. Kayan tarihi kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, bisa dokar 1979. Sai dai wannan doka, inda ta yi maganar ƙasusuwan dā, ta ɗaure su ne da ɗan Adam: nasa, ko na dabbobin da aka samu tare da shi. Ƙadangaren tekun da ya mutu shekara miliyan 66 kafin yau bai shiga wannan ma'ana kai tsaye ba. Ga mai lasisin haƙa, dutse ne kawai. Ga jami'in kwastan a filin jirgi, babu takardar da ta gaya masa abin da zai tare. Abu ya faɗa tsakanin ma'aikatu biyu, kowace na iya cewa na ɗayar ne.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. Jimla ɗaya a cikin dokar 1979, idan aka zo yi mata kwaskwarima, ta isa ta shigar da burbushin dabbobi da tsirrai na kowane zamani. Sharaɗi ɗaya a cikin lasisin haƙar farar ƙasa da jifsam da fosfet ya isa ya wajabta sanar da hukuma idan an ci karo da ƙashi, ya kuma ba malaman jami'a izinin shiga rami lokaci-lokaci. Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya, mai hedikwata a Utako, ita ce magajiyar wadda ta aika ƙasusuwan farko zuwa Landan. Tana da hurumin rubuta wasiƙa ta nemi cikakken jerin abin da ke can, da kwafinsa. A yau ana ɗaukar hoton ƙashi ta kowace fuska a kwamfuta, a sake ƙera irinsa sak, ba tare da an taɓa na asali ba. Ɗaki guda a gidan tarihi na Sakkwato, da wani a Abuja, inda aka daɗe ana jiran kammala Cibiyar Al'adu da Hasumiyar Millennium da aka fara a 2006, ya isa a fara. Masu tsara manhajar karatu kuma na iya sanya Goronyo da Kalambaina a darasin kimiyya, maimakon a bar yaro yana haddace misalan wasu ƙasashe.

Najeriya na da wurare biyu a jerin gadon duniya na UNESCO, Sukur a Adamawa tun 1999 da dajin Osun-Osogbo tun 2005, kuma dukansu na al'adu ne. Akwai wani tsarin na hukumar da ya shafi wuraren duwatsu masu tarihi, wanda Maroko da Tanzaniya suka riga suka shiga. Neman shiga irinsa aiki ne na shekaru, yana kuma farawa ne da abu mai sauƙi: taswira da jerin wurare, da yardar sarakuna da jama'ar da ke zaune a kansu.

Babban cikas dai tsaro ne, kuma ba a ɓoye shi. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ya ci rayukan mutane da dama. Mutanen da ke kwana da fargaba ba za a zo musu da zancen ƙashin ƙadangare a matsayin abin da ya fi damunsu ba. Amma aikin doka da rajista da wasiƙu ana yinsa ne a ofis, kuma babu abin da ya hana a gama shi kafin hanya ta buɗe.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan damina ta wanke gefen tuddai, kafin zafin bazara ya sauko. Kalambaina da Dange suna kusa da birni, ana iya zuwa a dawo a yini guda. Shiga ramin haƙa sai da izinin kamfani. Wurno da abin da ke gabanta kuwa sai an tuntuɓi hukumomin tsaro da na ƙaramar hukuma, an kuma gaida hakimi ko dagaci kamar yadda al'ada ta tanada. Mafi alheri shi ne a nemi rakiyar wani daga sashen ilimin duwatsu na jami'a, domin idon da bai saba ba zai taka haƙori ya wuce yana zaton tsakuwa ce.

Wanda ya yi sa'a ya ga ƙashi a jikin tudu, kada ya ciro shi. Rabin darajarsa na cikin sanin shimfiɗar da yake kwance a ciki. Da zarar an ɗauke shi ba tare da rubuta wurin ba, ya zama takardar da aka yage daga fayil. Ya ɗauki hoto da wani abu a gefe don a gane girmansa, ya rubuta inda yake, ya sanar da jami'a. Kowace damina ruwa na fito da sababbi a tuddan Dukamaje da Gilbadi, kuma abin da ba a ɗauka bisa ƙa'ida ba, damina ta gaba ce ke farfasa shi ta zuba a Rima.